Kwale-kwalen Prospector mai ƙafa 16, na roba: ra'ayina bayan na sha kwana da shi a bakin tabkuna

In kana neman kwale-kwalen da zaka loda wa tanti da bargo da jarkar ruwa, ku shiga ku biyu ku tuƙa zuwa wani tsibiri ko wata gaɓa da mota ba ta zuwa ku kwana, to wannan jirgin zai yi maka. In kuma so kake ka riƙa ɗaukarsa kai kaɗai daga kan mota zuwa bakin ruwa duk yamma don ɗan shawagi na awa ɗaya, gaskiya ka nemi wani, don wannan zai sa ka tsani harkar gaba ɗaya. Tauraro huɗu cikin biyar na ba shi, kuma ɗayan da na cire nauyi ne ya cinye shi.

Prospector ba sunan kamfani ba ne, sunan fasali ne. Kamfanin Chestnut da ke Fredericton a Kanada ne ya fito da shi a shekarun 1920, na katako da aka lulluɓe da kyalle mai kauri, don masu neman ma'adinai da ke shiga daji da kaya niƙi-niƙi. Kamfanin ya rufe tun ƙarshen shekarun 1970 amma fasalin bai mutu ba, Bill Mason, shahararren matuƙin nan ɗan Kanada, ya yi ta yabonsa har ya zama kusan kowane mai ƙera kwale-kwale yana da nasa Prospector ɗin. Nawa na roba ne mai hawa uku, roba mai tauri ciki da waje, tsakiya kuma wata roba mai kumfa-kumfa wadda ita ke hana shi nutsewa ƙasa ko ya cika da ruwa. Tsawonsa ya kusa mita 5, faɗinsa a tsakiya wajen santimita 90, kuma buɗaɗɗe ne, babu rufi a sama irin na kayak, wato siririn kwale-kwalen nan mai rufi da ake zama cikin ƙofarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake canja hali da zarar an loda masa kaya. Ranar farko da mutum zai shiga shi babu komai ciki zai ji yana ɗan rawa, saboda gindinsa ba a shafe yake ba, yana da ɗan lanƙwasa, kuma wanda bai saba ba nan take zai kama leɓen jirgin da hannu biyu, wanda shi ne ma abin da ke jawo kifewa. Amma ka karkata shi gefe da gangan, sai ka ji ya kai wani wuri ya cije ya ƙi wucewa. Jirage masu shafaffen gindi akasin haka suke, daram a ruwa mai kwanciya, in igiyar ruwa ta taso daga gefe kuma su bi ta su juye ba sallama. To ka zuba masa jakunkuna a tsakiya, masu nauyi a ƙasa, kada komai ya ɗara leɓen jirgin tsayi, wallahi sai ka ga ya zauna cikin ruwa ya nutsu, rawar nan ta tafi, iska ma ta rage wasa da shi. Masu ƙera irinsa suna rubuta cewa yana ɗaukar sama da kilo 400, ni dai ban ba kowa shawarar ya gwada kaiwa can a buɗaɗɗen tabki ba, don duk kilon da ka ƙara tazarar da ke tsakanin ruwa da leɓen jirgi ce ke raguwa. Mutum biyu da kayan kwana biyu ko uku, ko a jikinsa.

Gudu kuwa ba nasa ba ne. Mu biyu da kaya, ba tare da mun takura kanmu ba, kilomita 4 zuwa 5 a awa muke yi, kuma ya isa.

Sai maganar iska, wadda ita ce ainihin jarrabawar duk wani buɗaɗɗen kwale-kwale a tabki, ba zurfin ruwa ba kamar yadda sababbi ke zato. Goshin Prospector da bayansa a ɗage suke, gefunansa kuma da tsayi, wannan ne ke hana igiyar ruwa fantsamo maka ciki, amma kuma shi ne ke ba iska wurin kamawa. In babu kaya kuma kai kaɗai ne, iska ta zo daga gefe, zaka ga goshin yana juyawa inda ya ga dama kai kana ta fama da filafili kamar mai jan akuyar da ta ƙi kasuwa. Maganinsa rabon nauyi ne. In kana fuskantar iska, matsar da kaya gaba kaɗan goshin ya ɗan nutse, in iskar na bayanka, bar nauyin ya fi yawa a baya. In kai kaɗai ne, tunda gaba da bayan jirgin iri ɗaya ne, juya shi ka zauna a kujerar gaba kana kallon baya, hakan zai kawo ka kusa da tsakiya, ko ma ka durƙusa kan gwiwa dab da sandar tsakiya. Durƙuson nan fa ba ƙaramin bambanci yake kawowa ba in ruwa ya fara hargitsi, sai dai ka sa wani abu mai laushi ƙarƙashin gwiwa in ba haka ba gobe ba zaka miƙe ba. Kuma dole na baya ya koyi tuƙin nan da ake juya filafili waje a ƙarshen kowane ja, mai siffar harafin J, don jirgin nan an yi shi ne ya iya juyawa da sauri a kogi, ba ya tafiya miƙe ɗoɗar da kansa. Wanda ke sauya hannu duk bayan ja uku zai isa dai, amma a gajiye kuma a jiƙe.

Duk kyan jirgi, iskar tabki yawanci da rana zuwa la'asar take ƙarfi, don haka in akwai faffaɗan wurin da dole a tsallaka, a yi shi da sassafe. Igiyar ruwa kuma ta fi girma a ɓangaren da iska ke turawa, wato zaka iya barin gaɓa ruwa luf, kana kaiwa tsakiya ka tarar da wani abu daban. Mu bin gaɓa muke ko da zai ƙara mana tafiya.

Na gwada kifar da shi da gangan a ruwa mara zurfi lokacin zafi, don in ga me zai faru. Ba ya nutsewa, gaskiya ne, amma fa yana iyo ne dab da saman ruwa, cike fal, kuma komawa ciki a kwarfe ruwan a tsakiyar tabki aiki ne ja ko ga mutum biyu. Saboda haka kada kalmar "ba ya nutsewa" da ke cikin talla ta ruɗe ka. Rigar kariya a jiki take zama, a ɗaure, ba ƙarƙashin kujera ba. Ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius yana iya ƙwace wa mutum numfashi a daƙiƙun farko komai iya iyonsa, Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ma ya taƙaita abin da 1-10-1 game da ruwa mai tsananin sanyi, minti ɗaya ka shawo kan numfashinka, wajen minti goma hannu da ƙafa na aiki, wajen awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali, kuma awa ɗayan nan sai da rigar kariya zaka gan ta. Ka ɗaura abin kwarfar ruwa da igiya a jikin kujera, tsohuwar jarka da aka yanke wa gindi ta wadatar, da soso babba, da filafili na uku.

Yanzu nauyin. Kusan kilo 40 ne, babu kaya babu komai. A takarda ba ya da ban tsoro, amma ka tuna abu ne mai tsawon mita 5 da zaka ɗaga sama da kai ka ɗora kan mota bayan ka yini kana tuƙi. Akwai sandar tsakiya da aka sassaƙa don ta zauna a kafaɗa mutum ɗaya ya ɗauke shi a kife, ana iya yi, amma bayan mita ɗari biyu wuyanka zai fara magana. In tafiyarku ta haɗa da tsallake ƙasa daga wannan tabki zuwa wancan, ku sayi ɗan keken nan mai taya biyu da ake ɗaura wa a ƙarƙashi, in hanyar duwatsu ce kuma keken ma ba zai yi ba sai kafaɗa. Irin wannan fasalin na Kevlar, wani zare mai ƙarfi mara nauyi da ake ƙera jirage da shi, yana zuwa wajen rabin wannan nauyin, sai dai shi ba a jansa kan tsakuwa, lallaɓa shi ake. Da can akwai Royalex, wata irin roba da ke tsakani, bai kai nawa nauyi ba kuma da juriya, amma an daina yinsa wajen 2014, sai dai na hannu ko T-Formex da kamfanin Esquif ya fito da shi a madadinsa. In ka ci karo da na hannu mai lafiya ka duba shi da kyau kafin ka yanke shawara.

Ladan nauyin shi ne ba ya jin wahala. Na sha tura shi kan duwatsu, na ja shi kan yashi da kaya a ciki, ƙarzuwa kawai yake yi. Abu biyu dai robar nan ba ta so: rana da matsi. In ka ɗaure shi tamau a kan mota cikin zafi, ko ka bar shi zaune kan gindinsa wata da watanni, zai lotsa, kuma lotsattsen gindi na rage gudu. A kife ake ajiye shi, kan leɓɓansa, a inuwa. In kuma ya tsage, gam ba ya kama irin wannan robar sosai, sai an narka roba an like.

Wajen kwana ma yana da amfaninsa. Faɗinsa ya sa ba sai ka matse kaya kamar mai kayak ba, tanti babba, tamfol, katifar hurawa, har kujerar naɗewa duk suna shiga, amma komai a jakar da ruwa ba ya shiga, don ko ba a kife ba ruwan da ke ɗiga daga filafili kaɗai ya isa ya jiƙa bargo. In mun sauka mukan fito da shi gaba ɗaya daga ruwa, mu kife shi, mu ɗaure a bishiya, kuma ɗaurin nan ba wasa ba ne, iskar dare na iya mirgina kwale-kwale ta kai shi ruwa, kuma a tsibiri kake. Ƙarƙashinsa sai ya zama rumbun filafilai da rigunan kariya da takalma, raɓa ba ta taɓa su. Tanti kuma a ɗan nesa da ruwa, ƙa'idar da masu kula da dazuzzuka da yawa ke bi ita ce wajen mita 60 in ba wurin da aka keɓe ba ne, sauro ma ya fi sauƙi a ɗan tudu mai iska. Kada a kunna risho cikin tanti ko ana ruwan sama, hayaƙinsa mara wari yana kisa, a kafa tamfol a yi a waje. Kuma a bincika dokar tabkin tun kafin a taso, wani wurin sai da izini ake kwana, wani wurin an hana hura wuta.

Kujerunsa na saƙar igiyar roba ne a firam ɗin katako, ba sa tara ruwa, sun fi na roba zalla daɗin zama nesa ba kusa ba, sai dai katakon na son a shafa masa mai lokaci-lokaci, kusoshin kuma a riƙa duba su don suna kwancewa. Ban ga amfanin sayen kujera mai majingina ba, tana hana juya jiki wajen tuƙi.

In zan sake saye, fasalin nan dai zan sake ɗauka, amma in ina da hali zan nemi wanda bai kai kilo 30 ba. Wanda kuma motarsa ke iya isa har bakin ruwa kuma kullum da abokin tafiya, ya ɗauki na robar kawai, ya haɗa da keken.