Abincin Ƙaramar Sallah a wani gidan abinci kusa da Ƙofar Ƙaura

Wannan ce sallarmu ta farko a Katsina tun da aiki ya kawo maigidana, kuma da yake jaririyarmu ba ta cika wata 2 ba, ba mu iya tafiya Zariya wurin iyaye ba. Bayan an sauko daga Idi mun kalli hawa a Ƙofar Soro, sai muka nufi wani ɗan gidan abinci da ke kusa da Ƙofar Ƙaura, raina a jagule saboda kewar gida.

Mun nemi tuwon shinkafa da miyar taushe da kuma waina. Miyar ta ji kabewa da yakuwa da gyaɗa daidai gwargwado, naman ragon ya dahu har yana rabuwa da ƙashi, wainar kuwa da zafinta aka kawo, gefenta a soye, cikinta da laushi. Zoɓon ne kawai sukari ya yi masa yawa, kuma mun jira kusan minti 40 saboda cunkoson ranar.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda Hajiya mai wurin ta lura cewa mu baƙi ne. Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin ciki domin in shayar da yarinya, ta ce: "'Yata, ki ci ki ƙoshi, nan ma gida ne." Sannan ta ba ɗanmu goron sallah da dubulan, ta ƙi karɓar kuɗinsu. Allah ya saka mata da alheri. Mun riga mun yi shawarar kai mata naman layya idan Babbar Sallah ta zo.