Ranar da mota ta ƙi tashi a Liyon

Assalamu alaikum 'yan uwana na Garwa. Ya gida, ya zafi? Mu nan Faransa sanyi ne bai sake mu ba tukuna.

Wata Litinin a watan Janairu, ƙarfe 6 na safe, na fito zan tafi aiki. Na murɗa makulli, sai na ji "ƙas", shiru. Na sake, "ƙas". Fitilu garau, rediyo na magana. Duk wanda ya taɓa riƙe mota a gida ya san wannan ƙarar: demare ne, abin da 'yan uwanmu na Yola da Kano ke ce wa kik, wato abin da ke juya inji ya tashi. Na ɗauko sifanar taya na buɗe gaban mota, amma aikin na mutum biyu ne, ɗaya na ƙwanƙwasa demaren, ɗaya na murɗa makulli. In ya ƙi, a tura.

Mutum uku na tsayar. Na farko ko kallona bai yi ba. Ta biyu ta ce ta makara. Na uku, wani dattijo mai yawo da kare, ya dubi ƙarfen da ke hannuna, ya ja da baya, ya tambaye ni wai motar tawa ce? Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Shekara bakwai ina unguwar nan, muna haɗuwa a wurin sayen burodi, amma sai da na ciro takardun mota na nuna masa. Ya karanta, ya ce in kira inshora, ya wuce. Na tsaya cikin duhu hannuna ya ƙage don sanyi, ina tuna hanyar kasuwa a Garwa, inda kafin ka buɗe baki samari biyar sun dafa bayan motarka, wani ɗan moto ya ajiye babur yana cewa "Alhaji, sa ta a giya ta biyu." Ba wanda ya taɓa tambayar ka takarda kafin ya taimake ka.

Inshora ta turo janwe cikin awa ɗaya, ban biya ko sisi ba, wannan kam na yaba. Gareji kuma suka ce in jira kwana biyar kafin a duba.

Da ranar ta zo na roƙi makanikin ya bar ni in tsaya, ya yarda. Na ce masa demare ne, ya ce mai yiwuwa, amma ba zai kwance ko noti ɗaya ba sai ya auna. Ya ɗora na'ura a kan batir, ta nuna bolt 12.6, wato cike yake. Ya ce in da batir ne ya yi sanyi, da ƙarar ta zo a jere, "ƙas-ƙas-ƙas", fitilu suna dusashewa. Ya duba kawunan batir ko sun yi gishiri ko sun sassauta, ya duba wayar da ta haɗa inji da jikin mota. Sannan ya sa ni murɗa makulli yana auna siririyar wayar da ke kai umarni ga demare, wuta na isa. Kakkaurar wayar da ta taho daga batir, ita ma lafiya. Sai a lokacin ya ce laifin yana cikin demaren kansa. Ya ƙara da cewa in da na ji yana juyawa "wuuu" inji bai motsa ba, to ɗan haƙorin da ake kira bendis ne bai kama babban faifan inji ba. Minti ashirin duka.

Sai ya rubuta kuɗin a takarda kafin ya taɓa komai: demare yuro 225, aikin awa ɗaya da rabi 110, awo 45. Jimla 380. Yuro ɗaya sefa 656 ne, ku lissafa: kusan sefa 250,000. Na ce masa ya buɗe shi mana, gawayin ciki mai isar da wuta ne ya cinye, a sa sabo. Ya ce su ba sa buɗewa. Ana cire tsohon a mayar wa kamfani, a kawo wanda aka sabunta, da garanti na shekara guda. Wai in ya zauna buɗewa, kuɗin lokacinsa zai fi kuɗin kayan. Ya cire wayar batir ta baƙin kai, ya ɗaga mota, ya kwance wayoyi biyu da kusoshi uku, ya zaro abin. Na karɓa na jujjuya shi a hannu. Ƙarfe lafiyayye, ba abin da ya same shi sai gawayi guda huɗu da ba su kai ɗan yatsa ba.

A nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Akwai wani dattijo mai gyaran wutar mota a Yelwa, ƙarƙashin dalbejiya, da nake kai wa motar Baba. Da shi ne, da ya warware demaren nan a kan buhu, ya goge tagullar da takarda mai kaushi, ya liƙa sabon gawayi, ya gwada shi da batir a ƙasa, ka ji ya yi tsalle. Kafin la'asar ka tafi, kuma ka sha shayi. Irin wannan hannun babu shi a nan, na rantse.

Amma ku bari in faɗa muku gaskiya, don ku nawa ne. Mu hannu gare mu, awo ne ba mu yi. Sau nawa aka sa mutum ya sayi sabon batir alhali kan batir ne ya sassauta? Sau nawa aka kwance demare mai lafiya saboda waya ɗaya ta ci tsatsa? Yaron gareji sai ya goga waya a ƙarfe ya ga tartsatsi, shi ke nan ya yanke hukunci. In bai yi ba a ce "kawo kuɗi a gwada wani." Kuɗin da aka faɗa da safe daban, na yamma daban, kuma in ya lalace bayan mako guda a ce ƙaddara.

Mu masu motar ma ba mu tsira ba. Mota ta fara gardama, sai mu yi wata shida muna ajiye ta a gangare, muna tara yara su tura. Dukan nan da muke yi da sifana, makanikin ya ce girgiza gawayin kawai yake yi ya taɓa na ɗan lokaci, kuma demaren zamani da maganaɗisu a ciki, duka ɗaya mai ƙarfi yana fasa shi, gyaran da zai yiwu ya zama ba ya yiwuwa. Haka riƙe makulli da muke yi har abin ya yi zafi ya fara wari. Daƙiƙa goma ta isa, a bar shi ya huce. Ga kuma motoci masu canja giya da kansu suna ta shigowa ta Duwala, waɗanda turi ba ya tayar da su ko da unguwa duka ta fito.

Da na fito daga garejin na shiga wani kanti na sayi irin na'urar awon nan, yuro 20. Ina neman mai zuwa gida kafin azumi in ba shi. Ƙanena, in ta iso ka kai wa dattijon nan na Yelwa da hannunka, ka gaishe shi, ka ce daga ɗan mai farar mota ne da ke Faransa.