Kuben bindiga na uku da na ɗaura, kuma a kansa na tsaya

Shekara huɗu ke nan ina aikin gadi da makami a birnin Houston na jihar Texas, kuma a cikinsu na ɗaura kuben bindiga iri uku a ƙuguna. Wanda ke jikina yanzu, Safariland samfurin 6360, ya haura shekara biyu ina amfani da shi, kwana biyar a mako, wasu ranakun awa goma sha biyu a tsaye. Shi nake son yi wa sharhi, amma alherinsa ba zai fito ba sai na bi ta kan biyun da suka riga shi.

Ga 'yan'uwa da ke gida, bari in fara share wata magana. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Don haka wannan rubutu na wanda doka ta ɗora wa riƙe ta ne, ɗan sanda ko jami'in tsaro, ko irinmu da ke zaune inda hukuma ta ba mu takarda. A nan Texas, kafin mai gadi ya ɗauki makami sai ya yi kwas na aƙalla awa 45, ya ci jarrabawar rubutu da ta harbi, sannan ma'aikatar tsaron jama'a ta jihar ta ba shi lasisi. Sharaɗin aikin shi ne ka sa kaki, bindigarka kuma tana fili kowa yana gani. Abin da ido ke gani kuwa, hannu yana iya kai masa. Da farko ban ɗauki wannan da nauyin da ya kamata ba.

Bindigar da nake riƙewa Glock 17 ce, ƙirar Ostiriya, mai cin harsashi 17. In ta cika, nauyinta ya kusa kilo guda. Ba ta da makullin nan na gefe da ake turawa da babban yatsa kamar wasu bindigogi, tsaronta yana ciki ne da kuma kan kunamar kanta. Ma'ana, duk abin da ya shiga ya ja kunamar har ƙarshe, za ta tashi, ko yatsanka ne, ko igiyar rigar sanyi, ko leɓen kuben da ya lanƙwashe. Ga mai irin wannan bindiga, kube ba jaka ba ce ta ajiya. Shi ne murfin kunama.

Kubena na farko na yadin nailon ne mai laushi, na saye shi dala ashirin da 'yan kai, irin waɗanda ake rubuta wa cewa suna shigar bindigogi iri-iri. Lokacin kuɗin kwas da na lasisi da na bindigar sun kwashe abin da na tara, sai na ce wannan ma ya isa. Igiya ɗaya ce ke bi ta bayan bindigar ta maƙale. A tsaye ba ka ganin aibunsa. Sati na uku da fara aiki, na shiga ɗakin hutunmu zan yi sallar La'asar, na shimfiɗa darduma kusa da firji. A raka'a ta biyu, ina kai goshi ƙasa, sai na ji wani abu ya sulale daga gefena ya faɗi tim a kan darduma. Bindigar ce. Igiyar ta saki ban sani ba, wataƙila tun lokacin da bel ɗin mota ya goge ta. Tana kwance dab da gwiwata, cike da harsashi, bakinta yana kallon ƙofar da mutane ke shigowa. Na sallame jikina yana ɓari.

Akwai wani dattijo da muke aiki tare, Bahaushen Nima ta birnin Accra, ya daɗe a wannan sana'a. Yana zaune yana cin abinci, ya ga komai. Bai ɗaga murya ba. Sai da na mayar da ita, ya ce, "Ƙanena, zo ka zauna." Ya miƙo hannu na ba shi kuben bayan na cire bindigar, ya matse shi a tafin hannunsa ya dunƙule kamar tsumma. Ya ce, "Abin da hannuna zai iya murɗewa haka, shi ka ba amanar ran mutane?" Na ce, "Yaya, kuɗi ne suka yi mini ƙaranci." Ya ce, "To ka ci bashi. Gobe kada in gan ka da shi." Har yau ina yi masa addu'a.

Na biyu na fata ne, kuma da son zuciyata na zaɓe shi. Na tashi a Kano ina ganin aikin dukawa, kuben wuƙa da na takobi da ake ɗinkawa da hannu, don haka in na ga fata mai kyau raina yana kwanciya da ita. Wannan an gina shi daidai jikin Glock 17, ɗinkinsa tsaf, ga ƙamshi, ga shi yana bin ƙugu ba ya takurawa. Wata shida na farko ban ga abin kushewa ba. Amma Houston gari ne na zafi da laima, yana kusa da teku, daga Yuni zuwa Satumba kafin ka taka daga mota zuwa bakin ƙofa rigarka ta jiƙe. Fata kuwa tana shan gumi. A hankali ta yi laushi, bakin kuben ya fara rufewa da zarar na zare bindigar. In zan mayar sai na sa hannun hagu na buɗe shi, wato bakin bindiga ya bi ta kan yatsuna. Malamin da ke duba mu a filin harbi ya tsayar da ni, ya nuna mini leɓen fatar da ya fara naɗewa ciki, daidai inda kunama ke wucewa. Ya ce rana ɗaya wannan leɓen zai yi aikin yatsa. Ban yi musu ba, don idona ya gani.

Ba na cewa fata ba ta da amfani. Mai kyau, wadda aka ƙarfafa bakinta, ana kula da ita ana sauyawa in ta tsufa, tana yi wa mutane da yawa aiki. Amma ko da bakin bai lalace ba, maɓalli ɗaya ne tsakanin bindigata da hannun duk wanda ya zo ta bayana. Ni kuwa aikina a cikin jama'a ne, a harabar shaguna, inda wani lokaci sai ka raba faɗa ko ka raka wanda ya bugu zuwa waje, kafaɗa tana gogar kafaɗa.

Daga nan na sayi 6360. Kamfanin Safariland tun 1964 yake wannan sana'a, kuma kubensa ne za ka gani a ƙugun 'yan sanda da dama a Amurka. Jikinsa mai tauri ne, an gasa shi an fitar da shi a kan siffar bindiga ɗaya tak, an shafe cikinsa da fata mai laushi don kada ya kankare ta. Ko ka zare bindigar, bakinsa yana nan a buɗe yadda yake, don haka da hannu ɗaya ake mayarwa. Kunamar kuwa a rufe take ruf ta kowane ɓangare, ko tsinke ba zai same ta ba.

Abin da ya fi burge ni makullansa ne guda biyu. Na farko suna kiransa ALS. Da ka tura bindigar ciki, wani ɗan makulli a cikin kuben yana cafke ta ta tagar nan da kwanson harsashi ke fita, za ka ji ƙas a kunnenka, ka kuma ji a hannunka. Ba sai ka tuna ka kulle ba, shi ke kulle kansa. Na gwada da bindiga ba harsashi, na kife kuben ƙasa a kan katifa na girgiza iya ƙarfina, ko motsi ba ta yi ba. Na biyu, SLS, wani murfi ne mai kama da baka da ke hawa ta bayan bindigar. Kafin ta fito sai ka danna murfin ƙasa da babban yatsa ka tura shi gaba, yatsan ya dawo ya ja maɓallin ALS baya, sannan ka zaro ta sama a miƙe. A ma'aunin kamfanin wannan shi ne mataki na uku na riƙo. Wanda ya zo ta baya ko ta gefe ya fizga, hannunsa ba ya zuwa ta kusurwar da maɓallan ke buɗuwa. A wajen horo mun gwada da bindigar roba, wani ƙato ya kama ta da hannu biyu ya ja har ya ɗaga ni daga ƙasa, bel ɗina ya karkace, amma bindigar ba ta bar gidanta ba.

Sai dai kada kowa ya saye shi yau ya fita aiki da shi gobe. Makullin da ke hana ɓarawo yana hana mai shi ma, in bai saba ba. Ranar farko na tsaya ina ta ja, bindiga ta ƙi fitowa, don ina ja kafin in saki maɓalli. Wannan nauyi ne a kaina, ba a kan kuben ba. Na yi sati uku, kowane dare bayan yara sun yi barci, in cire gidan harsasai, in duba cikin bindigar da ido da yatsa, in kai harsasan wani ɗakin daban in rufe, sannan in tsaya gaban bango in zare in mayar sau hamsin, a hankali, ba gaggawa. Yanzu babban yatsana yana bin hanyarsa ba tare da na yi tunani ba, kamar yadda yake bin carbi. Wajen mayarwa kuwa har gobe sai na duba da idona, na tabbata riga ba ta shiga bakin kuben ba. Zarewa ce ake iya buƙatar sauri, mayarwa ba ta da wannan uzuri.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bel. Kube mai kyau a kan bel ɗin wando na kasuwa aikin banza ne, zai riƙa rinjaya waje yana lilo, in ka ja bindigar bel ɗin ya biyo ta. Ina amfani da bel biyu, na ciki da ke bin madaukan wando, da na waje mai tauri mai faɗin inci biyu da kwata da ke mannewa a kansa, da 'yan madaurai huɗu da ke haɗe su. Tun da na koma haka ciwon kwankwason da nake tashi da shi ya ragu sosai, don nauyin ya bazu a ƙugu gaba ɗaya maimakon ya rataya a gefe guda.

Duk kube mai tauri na aikin tsaro yana da girma, wannan ma haka. Ba ya ɓuya a ƙarƙashin riga, ba a kuma yi shi don haka ba. A mota sai na ɗan gyara zama kafin in ɗaura bel, kujera mai hannu kuma sai na shige ta a karkace. Na karɓi wannan da hannu biyu. Game da sallah, wadda ita ce jarrabawar da na fi damuwa da ita, na yi ruku'u da sujada da zaman tahiya da shi sau ba adadi, bindigar tana nan inda na sa ta. Zaman tahiya ne kawai sai na ɗan saki ƙafar dama don gindin kuben ya sami wuri.

Kulawarsa ba wuya. Duk ƙarshen mako nakan goge cikinsa da busasshen ƙyalle, in hure ƙurar da ta taru a maɓallan, in duba kusoshin da suka haɗa shi da madaurin bel ko sun saki. Akwai ɗan'uwansa, samfurin 7360, mai makullai iri ɗaya amma ba shafin fata a ciki, an yi shi da wata roba da ruwa ba ya damunta. Mai zama a gari mai laima irin namu ya duba shi ma kafin ya yanke shawara.

Kuɗinsa ya haura dala ɗari da kyau, wato ya ninka na farkon nan sau da yawa. Amma in na haɗa abin da na kashe a kan biyun da na jefar, da tun farko shi na saya da na huta. Wanda zai saya ya tabbatar da abu uku a jikin kwalin: sunan bindigarsa daidai, hannun dama ne ko na hagu, da kuma ko an yi shi don bindiga mai fitila a ƙasan baki ko maras ita. Wanda kuma yake neman abin da zai ɓoye a cikin wando, wannan ba nasa ba ne, ya nemi wani mai tauri da ke rufe kunama, ɗan siriri.

In na dawo gida, kuben ba ya zama ma'ajiya. Yarana uku ne, ƙaramin bai kai shekara biyar ba, kuma na ga yadda yake bin maɓallan wayata har ya gano su. Tun daga bakin ƙofa nake wucewa ɗaki, in sauke harsasan, bindigar ta shiga akwatin ƙarfe mai lamba, bel ɗin da kuben babu komai a ciki su hau ƙusa a bayan ƙofa. Sai na yi wannan nake fitowa in ɗauki yaron.