"Mad" da "crazy": duk hauka ne, amma ba ɗaya ba ne

Wata 'yar'uwa a zauren nan ta yi tambaya. Ta ce a makaranta an koya musu "mad" da "crazy" duk hauka suke nufi, sai ga abokiyar aikinta Ba'amurkiya ta turo mata "Are you mad at me?", har ranta ya sosu.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba zaginki ta yi ba. Tambayarki take ko kina fushi da ita. A Amurka "mad" ya fi zuwa da ma'anar fushi, musamman idan "at" ya biyo bayansa. Mu kuwa Turancinmu daga Ingila ya samo tushe, inda kalmar ta fi riƙe ma'anarta ta hauka. Shi ya sa idan direba ya leƙo ta taga a cunkoson Kano ya ce wa mai Keke "Are you mad?", babu wanda zai ɗauka lafiyar zuciyarsa ake tambaya, sai dai a zo rabon faɗa.

"Crazy" kuwa daga "craze" ya fito, wato tsattsagewa, irin ƙananan tsagar da ke bayyana a jikin tsohon kwanon tangaran. Daga baya aka aro shi ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, kusan yadda muke cewa notin kansa ya kwance. Yau kalmar ta yi laushi ƙwarai. Farashin da ya wuce hankali "crazy" ne, abokin da ba ya rabuwa da shirme "crazy" ne, saurayi ma ya ce wa budurwa "I'm crazy about you" ta yi murmushi.

Inda na fi ganin bambancin shi ne kan dabbobi. "Mad dog" mahaukacin kare ne na gaske, wanda cizonsa ke kai mutum asibiti. "Crazy dog" ɗan kwikwiyo ne da ya hana gida sakat da tsalle-tsalle. Cutar shanun da aka gano a Birtaniya a 1986 ma "mad cow disease" ake ce mata. Turawan Ingila suna da karin magana, "mad as a hatter", ana danganta shi da masu yin hula na da, waɗanda gubar zaiba da suke aiki da ita ta riƙa sa su karkarwa da ruɗewa.

Likita dai ba ya kiran mai taɓin hankali da ko ɗaya daga cikinsu.

Ki mayar mata da amsa: "No, I'm not mad at you." In kuma da gaske kin yi fushi, ki cire "No" da "not" ɗin.