Motar Next Gen a idon bakanike

Ni bakanike ne, shi ya sa da NASCAR, hukumar tseren motoci ta Amurka, ta fito da motar tsere Next Gen a 2022, ƙafafunta na fara dubawa. Wili ya tashi daga inci 15 zuwa 18, irin na motocin da ake kawo mana gareji yanzu, noti ɗaya tal ke riƙe da shi maimakon biyar. Giya biyar, har da kyamarar duba baya. Wannan kam sun burge ni.

Amma a ƙaramin filin tsere irin Martinsville, wallahi gyangyaɗi nake, ana ta jerin gwano, wucewa ta gagara. Injin kuma V8 ne zalla, mai silinda takwas, har a Next Gen ta Toyota mai sunan Camry, alhali Camry ta kasuwa, samfurin 2025, fetur da batir take haɗawa.