Shekara biyu da dish, wata takwas da kebul: abin da na gani

Wallahi da wani ya zaunar da ni ya yi mani wannan bayanin kan intanet na dish da na kebul tun farko da ban sha wahalar da na sha ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ko wani zai amfana.

Lokacin da muka tare a gidan nan wayar kebul ba ta iso layinmu ba, dole na sa intanet na tauraron ɗan adam, irin wanda ake kafa dish a saman rufi. Kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya rufa mani asiri a lokacin da babu wata mafita, kallon bidiyo lafiya lau, in ya kama ya kama. Matsalar sai an zo kiran bidiyo. Ka yi sallama ka ji shiru, ka ɗauka ba a ji ba ka maimaita, daidai nan amsar mutumin za ta iso, sai ku yi ta cin karo da juna kowa yana cewa "ci gaba, ina jin ka". Na yi ta kiran masu sabis ina faɗa, ashe ba a hannunsu abin yake ba, tauraron yana can sama kusan kilomita 36,000, saƙonka sai ya hau ya sauko, amsa ma ta hau ta sauko, wajen milisakan 600 ke nan, fiye da rabin daƙiƙa. Ko nawa ka biya ba za a rage wannan nisan ba.

Sai ruwan sama. Da hadari ya haɗu sosai zan ga fitilar modem, wato akwatin intanet ɗin, ta fara ƙiftawa, na san aiki ya tsaya sai an ɗauke. Ga data mai iyaka, in ka cinye kason wata sai a rage maka gudu.

Da aka jawo kebul ban yi wata-wata ba na koma. Ranar farko na kira yayata, muka yi kusan awa ba wanda ya katse wani, har sai da ta tambaye ni ko waya na canza. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya ni kuwa ina aikina. Amma shi ma fa yana da nasa, layin tare kuke rabawa da maƙwabta, da dare in kowa ya dawo ya kunna kallo za ka ji ya yi nauyi, kuma tura babban fayil ba ya sauri kamar saukewa, wannan ya ba ni haushi ba kaɗan ba.

Sababbin taurari irin na Starlink suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, don haka jinkirin ya ragu sosai, sai dai za ka sayi kayan tun farko kuma dish ɗin yana son sarari, bishiya ko dogon gini na iya tare shi.

Ni dai in kebul ya iso ƙofarka ka ɗauke shi, in bai iso ba dish ba abin rainawa ba ne. Kuma kar ka yarda da lambar gudun da ke jikin talla, ka je wajen maƙwabcin da ke amfani da shi wajen ƙarfe 9 na dare ka roƙe shi ku gwada kiran bidiyo a gabanka.