Na ce ta gwada kati ɗaya, ta kwana tana gwada wani

Abin da ya sa na biya kuɗin lasisin wannan manhaja ta gwajin direba (wato manhajar da ke sarrafa katin hoto) shi ne alkawarin da aka yi cewa tana jera dukkan katunan hoton da ke cikin kwamfuta (kayan da ke zana abin da ake gani a allo), ta ba kowanne lamba, mutum ya zaɓi wanda yake so a gwada. Ga mai sana'a irin tawa, wanda ke karɓar katunan hannu yana tantance su kafin su kai ga mai saye, aikin ke nan gaba ɗaya. Da farko ta burge ni ƙwarai, domin gwajin da take yi ta Vulkan da OpenGL, hanyoyin da manhajoji ke bi su sa kati ya zana hoto, yana da zurfi, kuma rahotonta ko yaron shago zai fahimta.

Matsalar ta bayyana ne a kwamfutar da na sa wa katuna biyu iri ɗaya, ga kuma ƙaramin na Intel da ke cikin furosesa. Manhajar ta jera su 0, 1, 2, na zaɓi lamba 1, wato katin da wani abokin ciniki ya kawo yana kukan hoto na yanke masa, na adana saitin. Bayan sabunta direba da sake kunna kwamfutar jerin ya sauya, amma manhajar ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da riƙe lamba 1. Janareta ya kwana yana shan mai, ita kuwa tana can tana gwada ɗaya katin mai lafiya. Da safe rahoto ya fito kore shar, na kira mutumin na tabbatar masa katinsa lafiya lau. Da ya dawo, wayarsa kawai ya miƙo mini, ga hoton allonsa cike da ƙananan murabba'ai masu launin shunayya, ya ce, "Malam, wannan ne lafiya lau ɗin?" Har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci, domin amana ce jarin wannan sana'a.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne wannan ba sabuwar matsala ba ce. Ƙa'idar Vulkan ba ta yi alkawarin cewa katuna za su riƙa fitowa a jeri ɗaya kullum ba, don haka lambar jeri ba suna ba ce. Abin dogaro shi ne adireshin PCI, wato lambar da ke nuna inda aka jona kati a cikin kwamfuta, irin 01:00.0 da umarnin lspci ke nunawa a Linux, wanda ba ya sauyawa muddin ba a taɓa kayan cikin akwatin ba. NVIDIA mai ƙera katunan hoto ma ta tanadi wani saiti mai suna CUDA_DEVICE_ORDER domin mutum ya sa a jera katuna bisa wannan adireshi. Ta yaya manhajar da ake biya wa kuɗi za ta rasa wannan?

Dole in yaba wa ɓangaren tace katuna bisa lambar kamfanin da ya ƙera su, yana aiki sumul: 10DE ya ware na NVIDIA, 1002 na AMD, 8086 na Intel. Sai dai idan katuna biyu samfuri ɗaya ne, sunansu ɗaya, lambar kamfani da ta samfuri ɗaya, tacewar ba ta da abin da za ta raba su da shi, kuma rahoton ba ya rubuta adireshin katin da aka gwada. Har llvmpipe, wanda furosesa ne ke yin zanen, yana shigowa jerin kamar kati, babu hanyar ɓoye shi.

Da na rubuta wa masu kula da abokan ciniki, shawararsu ita ce in cire sauran katunan kafin gwaji. Hakan nake yi yanzu, kati ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a haka sakamakonta abin yarda ne. Amma ba zan sabunta lasisin ba sai ranar da ta fara zaɓen kati da adireshin PCI, ta kuma rubuta shi a saman rahoto.